Tseren Gwaggo da Amarya

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da na dawo daga hutun shekara na tarar da Madam Rifkatu zaune a bencin ƙofar ofishina ba. Ku da kuka kama aiki bayan ta yi ritaya ba ku san ta ba. Ita ce jami'ar sayen kaya ta hukumar nan a lokacin, mace mai fara'a, tun daga bakin get ake jin gaisuwarta. Daga Masaka take zuwa kullum, ni kuma kullum sai na tsokane ta da cunkoson hanyarsu. Ran nan ma na fara, na ce, "Madam, yau jirgin sama kika hau ne kika riga ni?" Ko murmushi ba ta yi ba. Ta miƙo min takardar da ke hannunta, ta ce, "Injiniya, sun ce wai na sayo jabu."

Takardar tuhuma ce, wadda muke kira kweri. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, ita ce matakin farko na hukunci: a rubuto maka laifinka, ka kare kanka a rubuce, idan amsar ba ta gamsar ba a tura ka gaban kwamitin ladabtarwa. Nata al'amarin har ya kai can, kwamiti zai zauna a ƙarshen makon. Laifin karɓar kayan jabu da sa hannu a kansu hukuncinsa kora ne, wanda aka kora kuwa ba shi ba fansho. Ita ko saura 'yan watanni ta ajiye aiki.

Ta ce, "Ba ma fansho ne ya fi damu na ba. Ni ne shugabar zumuntar mata a cocinmu. In aka ce na yi sata, da wane fuska zan shiga wurin?"

Na ce, "Wane kaya ne wai?"

Ta ce, "Sabon kwamfuta na sashen taswira."

Ashe maganar ta shafe ni. Ni ne shugaban sashen kwamfuta, kuma ni da hannuna na rubuta irin wadda za a sayo. Ƙa'ida ita ce sashe ya nema, ni in fayyace siffar abin, Madam ta bi matakan saye, ɗan kwangila ya kawo, ita ta duba ta sa hannu. An kawo kayan ina ƙauye ina hutu. Na ce mata, "Ki koma ofis ki sha ruwa. Idan abin da na rubuta aka kawo, babu tsohuwar kwamfutar da za ta kama ƙafarta a Abujan nan."

To bari ku ji wace ce Gwaggo. Aikin sashen taswira shi ne su karɓi hotunan filaye da jirgi maras matuƙi ya ɗauko daga sama, irin na Lugbe da sauran unguwannin da ke ta faɗaɗa, su haɗa su su zama taswira guda. Aiki ne mai cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, ɗan ƙarfen nan mai kusurwa huɗu da ke yin duk lissafin. Kwamfutar da ke yi musu wannan aiki ta tsufa har aka laƙaba mata Gwaggo. A saka mata aiki da safe, sai a je Azahar a dawo, a ci abinci, tana nan tana nishi. Mai riƙe da ita Malam Tanimu ne, babban mai zanen taswira, Bazazzagi, ni kuma Bakano, don haka ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna ba. Malam Tanimu yana son Gwaggo tsakani da Allah. Ya cire mata murfin gefe tun da daɗewa, ya sayo fanka da kuɗinsa ya kafa mata, shi yana gumi ita tana shan iska.

Da sabuwar ta iso, ma'aikata suka sa mata Amarya. Aka kai ta sabon ɗakin taswira da aka gama yi wa fenti, ana jiran Shugaban Hukuma ya zo ya ƙaddamar da shi. Sai aikin gaggawa ya taso, Darakta ya ba Malam Tanimu makulli ya ce ya gwada ta.

Na sami Malam Tanimu na ce, "Bazazzagi, kai ne ka kai ƙarar Madam?"

Ya ce, "Wallahi ban kai ƙarar kowa ba. Oga ya tambaye ni yaya sabuwa, na faɗa masa gaskiya. Da farko kamar za ta tashi sama, can sai ta koma rarrafe. Aikin da Gwaggo ke gamawa kafin La'asar, wannan har aka tashi ba ta gama ba. In yi ƙarya ne?"

Na san ba zai yi ƙarya ba. Na ce ya kai ni in gan ta.

Yana buɗe ƙofar, zafi ya buge ni a fuska, don lokacin bazara ce, irin wadda kwalta ke narkewa. Na ɗaga kai, ga sabuwar esi, na'urar sanyaya ɗaki, a bango, naɗe a leda. Kujeru a leda. Tebur a leda. Ga Amarya a ƙarƙashin tebur, an naɗe ta tsaf cikin ledar kamfani mai kauri, sama da ƙasa, an bi da salatif. Wani gwani ya huda 'yan ƙananan ƙofofi a baya ya zura wayoyi, ya sake liƙewa don kada ta yi datti. Na kunna ta na duba cikinta ta allo. Furosesan da na rubuta ne, sabo fil, ba a canza ko ƙusa ba. Na saka mata aiki, jim kaɗan na ɗora tafin hannuna a kan ledar, na janye da sauri. Kai jama'a! Ai da an fasa ƙwai a wurin da ya soyu.

Ku da ke wannan sana'a kun riga kun gane. Furosesa na zamani yana da wayo. Idan ya ji zafi ya kai inda zai ƙone, sai ya rage gudu da kansa, ya yi ta ragewa har ya tsira da ransa. Ba lalacewa ba ce, kuma ba jabu ba ne.

Na sa farce zan yaga ledar, sai Malam Tanimu ya cafke hannuna. Ya ce, "Kul! Oga ya ce duk wanda ya taɓa ledar nan kafin ranar ƙaddamarwa ya taɓa takardar sallamarsa."

Na ce, "To esin fa?"

Ya ce, "Rimot ɗinta na cikin durowar Oga."

Daga nan ofishin Darakta na nufa. Kada ku ɗauka mugun mutum ne. Mutum ne mai tsari, kuma yana da dalilinsa. A wata ma'aikata da ya taɓa aiki, babban baƙo ya zo ƙaddamar da kaya ya ga babu leda, ya ce a gaban jama'a ai waɗannan an ci da su. Tun daga ranar ya ɗauki leda a matsayin shaidar sabunta, kuma ku faɗi gaskiya, yawancinmu haka muke. Wa ke cire ledar kujerar sabuwar mota a garin nan?

Na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, na duba kwamfutar. Lafiyarta ƙalau. Zafi ne ke damun ta, ledar nan ce."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Injiniya, ni ba yaro ba ne. Rimot ɗin talabijin ɗina shekara da shekaru yana cikin leda, bai taɓa ƙin aiki ba." Sannan ya jawo fayil ya nuna min. "Duba nan. Lambar gigahaz ta tsohuwar ta fi ta sabuwar. Ko shi ma leda ce?"

Na ce, "Yallaɓai, ka taɓa tsayawa kasuwar Zuba ka ga ana sauke motar lemo? Lambar nan tana faɗa maka saurin ɗaga ƙafar ɗan dako ne kawai. Ba ta faɗa maka girman kwandon da ke kansa ba, ba ta faɗa maka mutum nawa ke sauke motar ba. Gwaggo 'yan dako huɗu gare ta da ƙananan kwanduna. Sabuwar gayya guda ce, kowa da ƙaton kwando."

Ya ce, "To me ya sa gayyar ta sha kashi a hannun mutum huɗu? Ni sakamako na gani."

Na lura da yadda ya haɗe rai. Idan na ci gaba da musu, maganar za ta tashi daga kan kwamfuta ta koma kan wa ya fi wani sani, kuma ba ni zan biya ba, Madam ce. Sai na sauko. Na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake nema. A bar ni in gwada su biyun a gaban kwamiti kafin a yanke hukunci."

Ya ce, "Na yarda. Amma ba za ka taɓa ledar sabuwar ba."

Na ce, "Ba zan taɓa ta ba."

"Idan ta sake shan kaye fa?"

Na ce, "A haɗa da sunana a takardar, ai ni na rubuta siffarta."

Na fito ina jin kaina daram, domin tun ina tsaye gabansa dabara ta faɗo min. Na san Malam Tanimu kamar yunwar cikina. A hanyar gida na tsaya wajen masu sayar da katifa na sayi babbar leda, na haɗa da salatif, na cusa a jaka. Madam kuwa abin da na ce mata kawai shi ne ta zo ta zauna, duk abin da ta gani kada ta ce uffan.

Ranar zama, da hantsi, 'yan kwamiti suka hallara a sabon ɗakin, suka zauna a kan kujeru masu leda suna fifita da fayil. Malam Tanimu ya rungumo Gwaggo da kansa, masinja na biye da shi da fankarta. Na yi musu bayanin yadda ake gwada furosesa biyu: aiki iri ɗaya, hotuna iri ɗaya, wuta ɗaya, a rufe duk wani abu da ke gudana a gefe, a danna a tare. Na zaɓi ƙaramin yanki na taswirar Lugbe don kada mu wuni. Malam Tanimu ya danna tasa, na danna tawa.

Amarya ta fita da gudu. Kafin Gwaggo ta gama gyara zama, layin da ke nuna ci gaban aiki a allon sabuwar ya yi nisa. Madam ta ɗago kai. Can sai fankokin cikinta suka fara kuka, ledar ta kumbura, layin ya fara ja da ƙyar. Gwaggo kuwa tana tafe a hankali, iska na kaɗa ta, har ta kamo ta, ta wuce, ta gama. Malam Tanimu ya kasa daurewa, ya ce, "Gwaggo ikon Allah!" Sai kuma ya tuna abin da hakan ke nufi, ya sunkuyar da kai.

Na dubi Madam. Ta rufe ido, leɓunanta na motsi, addu'a take. Wallahi tausayinta ya kama ni har na ji kamar in tsallake in yage ledar a wuce wurin. Amma da na yi haka, da an ce na karya umarni don in ceci ƙawata, a bar maganar zafi a koma maganar rashin ɗa'a.

Darakta ya rufe fayil ya ce, "To, Injiniya, mun gani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, saura ƙa'ida ɗaya da ban cika ba. Gwaji ba ya zama gwaji sai an ajiye su a hali ɗaya. An hana ni taɓa waccan, kuma ban taɓa ba. Amma ba a hana ni taɓa wannan ba."

Na kashe fankar Gwaggo. Na ɗauko murfin gefenta da na sa aka nemo daga sito, na mayar. Na zaro ledar katifa daga jaka na warware ta, na fara naɗe Gwaggo tun daga sama, ina jan salatif yana ƙara.

Ban kai rabi ba Malam Tanimu ya yi tsalle, kujerarsa ta kife. Ya riƙe ledar da hannu biyu yana ihu, "Kai Bakano, ka haukace ne? Kashe min ita za ka yi! Ta ina za ta yi numfashi?"

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Ya tsaya da leda a hannu, ya juya a hankali ya dubi Amarya a ƙarƙashin tebur. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya je ya durƙusa ya taɓa ta, ya janye hannu yana yarfewa.

Darakta ya miƙe ya zagayo, shi ma ya ɗora hannu. Ya daɗe a tsaye. Ni kuwa na ja bakina na tsuke, kuma wannan shi ne aiki mafi wuya da na yi a ranar, don kun san ni da surutu. Maganganu sun cika min baki fal, har da ta rimot ɗin talabijin, amma na haɗiye su duka.

Darakta ya juya ya ce wa masinja, "Je ka durowata ta sama. Akwai rimot ɗin esi, akwai almakashin da aka tanada don ranar ƙaddamarwa. Kawo su." Da aka kawo, bai ba ni ba. Ya miƙa wa Madam almakashin, ya ce, "Madam, ke kika kawo amarya, ke za ki yi mata buɗar kai."

Ta tsuguna ta yanka. Wani hucin zafi ya fito har ta kau da fuska. Aka yaye ledar esi aka kunna, muka bar Amarya ta huce, na kwance wa Gwaggo nata lulluɓin na mayar mata da fankarta, don Malam Tanimu ya ƙi zama sai da ya ga an yi. Sannan muka sake dannawa.

Wannan karon babu tsere. Gwaggo ba ta kai ko'ina ba Amarya ta gama ta zauna tana jira. Wani ɗan kwamiti ya ce a tashi haka, na ce a'a, gwaji ɗaya ba hujja ba ne, a sake da wani yankin mai girma. Aka sake, ta kuma yin kaca-kaca da ita, kuma na buɗe musu ma'aunin zafi a allo suka ga ya tsaya wuri guda. Sannan, don a yi wa tsohuwa adalci, na sa aka buɗe wasiƙa a kowacce, aka buga 'yan layuka. Babu wanda ya iya ganin bambanci. Na ce musu, "Kun gani, a ƙaramin aiki Gwaggo ba ta da laifi. Sai an ɗora kaya mai nauyi ake sanin tazarar da ke tsakaninsu." Shi ya sa ba a jefar da ita ba, aka mayar da ita wajen buga takardu, ta yi shekaru tana yi.

Darakta bai jira an koma ofis ba. A nan gaban kowa ya ce an janye tuhumar, ya dubi Madam ya ce, "Ki yi haƙuri. Umarnina ne ya jawo, ba sayenki ba." Na daɗe ina aiki, manyan da na ji sun faɗi haka da bakinsu ba su da yawa, kuma daga ranar girmansa ya ƙaru a idona. Malam Tanimu ma ya matso ya rusuna ya ce, "Yaya, ki yafe min." Ta ce, "Malam, kai gaskiya ka faɗa. Tashi, kafin Injiniya ya naɗe ka a leda kai ma." A nan ne aka fashe da dariya har da ita, dariyar farko ke nan da na ji daga bakinta a makon.

Kada ku ɗauka mun rabu da leda. Ana gobe Shugaban Hukuma zai zo, Darakta ya kira ni ya ce, "Injiniya, idan a kashe take, leda za ta yi mata illa?" Na ce ko kaɗan. Da ledar katifata muka sake naɗe Amarya tsaf, aka ɗaura jan ƙyalle. Shugaba ya zo ya yanka, aka tafa, aka ɗau hoto, ya yaba da yadda muke adana kayan gwamnati.

Abin da nake so ku riƙe, musamman ku sababbin shiga, shi ne kada lamba ta ruɗe ku, kada kuma sakamako ya ruɗe ku. Malam Tanimu bai yi ƙarya ba, Darakta ma lambar da ya karanta daidai ce, amma da gaskiyarsu biyu aka kusa korar mace mai gaskiya. Idan an kawo muku ƙarar kwamfuta, ku tashi ku je inda take, ku ɗora hannu. Idan kuma mai laifin ya girme ku, ku nemi hanyar da zai ga abin da idonsa, ku kuma ku yi shiru.

Da aka watse a ranar gwajin, na tarar da Madam a kan matakala tana ɗaure ɗankwali za ta kama hanyar Masaka. Na ce, "Madam, ki yafe min zagayen farkon nan, na san kin sha wuya." Ta ce ko yaranta ba ta faɗa wa ba, kullum sai ta yi wanka ta fito da fara'a kamar babu komai, ta zo ta zauna a ofis tana jiran a kira ta. Ta ja wata doguwar iska ta sauke, ta ce, "Injiniya, tun ranar da suka ba ni takardan nan, sai yanzu na yi numfashi."